Kifaffen Dutsen Mai Gari

Tun ranar da tifa ta shiga gindin tsamiyar garinmu ta kwashe duwatsun shawara, ban ƙara kallon wurin ba tare da zuciyata ta tafasa ba. Na tsufa, gwiwata ta hagu ba ta lanƙwasuwa sai da lallashi, amma ƙiyayyar da nake yi wa mai garinmu na yanzu lafiyarta ƙalau, ita ce ma ke tashe ni da safe. Garin namu ƙarami ne, a gindin tudu yake, ɗan kabu-kabu zai kawo ka daga tashar Zuru kafin ka gama ba shi labari ɗaya. Jikokina idan sun dawo daga makaranta sukan ce mini wai mulkin jama'a daga ƙasar Turawa aka kawo mana shi, wai a da sarki abin da ya ga dama yake yi, babu mai ce masa kanzil. Sai in dube su in girgiza kai, domin wanda ya koya musu haka shi ma bai taɓa ganin an kife dutse ba. Ni kuwa na gani, har da kafaɗata a cikin aikin.

A zamanin samartakarmu ba babur ke tashin mutum ba, ba kuma rediyo ba. Ƙarar taɓarya ce a turmi, da kukan zabi a bayan rumbu, sai ƙahon da shugaban samari ke busawa idan damina ta kankama. Da jin ƙahon nan kowa zai saɓa garmarsa, domin lokacin golmo ne, wato noman da saurayi da abokansa ke yi wa iyayen yarinyar da yake so, damina bayan damina, kafin a ce ya isa a ba shi mata. Mukan jeru a bakin gona kafaɗa da kafaɗa, mai ganga na bin bayanmu, 'yan mata na inuwa da ƙoren kunu suna yi wa raggo dariya. Wadda nake yi wa noman, wadda ta zama uwar 'ya'yana, ta fi kowa baki. Ta taɓa ce mini a gaban jama'a, in dai haka nake riƙe garma to gara ta jira ƙanena ya girma. Ranar na yi noma har tafin hannuna ya fashe. Yanzu saurayi zai sayi waya, ya sayi takalmi mai tsini, ya ce shi ya isa aure, hannunsa kuwa ko kanta babu.

A tsakiyar gari akwai tsamiya, a gindinta kuma duwatsu a kewaye, kowane gida na asali da nasa. Babu wanda ya sassaƙa su. Zama ne ya goge su tun kakannin kakanni, har kowanne ya yi santsi ya yi kwarmi a sama. Namu na wajen gabas. Na mai gari yana tsakiya, ya fi sauran faɗi amma ya fi su gajarta, ta yadda in ya zauna sai ya ɗaga kai kafin ya ga fuskar dattawa. Na taɓa tambayar babana dalili, ya ce, "Mu munka aje shi nan, to mu ka dubansa daga sama." Mai gari ba ya yanke magana sai kowane dutse ya faɗi albarkacin bakinsa. Ba a shawara a tsaye. Duk abin da aka faɗa a tsaye hira ce kawai, ko da kuwa dukan gari sun taru. Haƙƙinsa a kanmu gayyar noma sau ɗaya a damina, da cinyar naman farauta, da gaisuwa. Ƙasa ba tasa ba ce, rigima kawai yake rabawa a kanta. Idan ya wuce gona da iri aka gargaɗe shi ya ƙi ji, sai a kife dutsensa. Daga ranar babu mai gaishe shi, babu mai amsa gaisuwarsa, garma ba ta shiga gonarsa, mace ba ta ɗibar wuta a gidansa balle ta taya matansa daka. Ba a dukansa, ba a korarsa. Kuma babu mai mayar da dutsen daidai sai dattawa sun zauna, kowa a kan dutsen gidansu, baki ya zo ɗaya.

Duk wannan a bakin manya nake jinsa, sai da abin ya faɗo a kan gidanmu. Babana yana da fadama a bakin rafi, da itatuwan ɗorawa a gefenta, a gindin babbar cikinsu kuma kabarin kakana yake. Mai garin wancan lokaci ya samu shiga wurin Baturen mulki, aka ba shi alkyabba da dogari, kansa ya kumbura. Wata safiya sai ga dogari ya zo yana kafa turaku a fadamarmu, wai mai gari na son wurin. Babana ya bi turakun ya tuge su ya zuba a rafi. Kafin azahar an kama shi, an cire masa hula, an ɗaure shi a jikin itace a ƙofar mai gari cikin rana, a daidai hanyar da mata ke bi su je ɗibar ruwa. Ina gonar surukaina labari ya same ni. Na taho a guje da garma a hannu, niyyata in raba kan dogarin nan biyu, sai Gwaggo, yayar babana, ta tare ni a hanya ta riƙe ƙotar garmar da hannu biyu.

"Aje ta," in ji ta.

"Gwaggo, ki sake ni. Kin ga abin da anka yi wa Baba?"

"Na gani, da idona na gani. In ka sare shi, kai za a kai gidan yari, shi kuma ya ci gona. Aje ta, ka bari duwatsu su zauna."

Washegari da hantsi duwatsu suka zauna. Ban taɓa ganin gindin tsamiyar nan ya cika haka ba, amma shiru kake ji, sai kukan kurciya. Babana ya zauna a kan namu, sawun igiya na nan a damatsansa. Dattawa suka yi magana ɗaya bayan ɗaya, babu mai ɗaga murya. Mai gari yana tsakiya cikin alkyabbarsa yana zufa, da aka zo kansa sai ya ce shi yanzu ba irin na da ba ne, Bature na bayansa. Mafi tsufan dattawan makaho ne, a hannu ake kawo shi. Ya juya fuskarsa wajen da muryar ta fito ya ce, "Bature ya ba ka riga, mu munka ba ka dutse. To tashi muna bisa namu, ka je ka zauna bisa rigar." Mai gari ya miƙe cikin fushi ya fice. Aka ce kowane gida ya ba da namiji ɗaya, gidanmu aka nuna ni. Muka kawo itacen ƙirya muka cusa a ƙarƙashin dutsen, muka sa kafaɗa. Wajen da na danna har gefen dutsen ya ɓantare. Da ya tashi ya juya ya faɗi a kan fuskarsa, sai da ƙasa ta amsa a tafin ƙafata. Ƙasansa shafal yake kamar faifai, da danshi, da gara tana gudu. Ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba, ko ranar da aka kawo mini amarya.

Abin da ya biyo baya ya fi duka zafi, kuma na bi shi da kallo ban bar komai ya wuce ni ba. Ciyawa ta cinye gonarsa yana gani. Matansa su kaɗai ke daka, kana jin taɓaryarsu daga nesa, babu waƙa, babu mai amsawa. Ya shiga kasuwa ya yi sallama, mai sayar da gishiri ya ci gaba da korar ƙuda. Dogarin da kansa ya tuɓe jar rigar ya koma gonar uwarsa. Bature kuwa bai zo ba, da ma ina ruwansa da wanda ba a gaisarwa a wani ƙauye. Kafin dawa ta fitar da kai, mai gari ya zo ƙofar gidanmu ba takalmi, yana jaye da akuya, ya durƙusa a gaban babana. Duwatsu suka sake zama, aka mayar masa da nasa. Ya yi sauran mulkinsa da ladabi har ya mutu. Babban ɗansa ne bai iya haɗiye abin ba, ya shiga soja bai ƙara dawowa ba, a bariki ya haifi 'ya'yansa.

Ni ma daga baya na sa kaki, kamar rabin samarin ƙasarmu. A can na koyi wani irin mulki, wanda ake ba ka umarni a tsaye ka karɓa a tsaye, ba a tambayar ra'ayinka. Na yi shekaruna na dawo gida da fansho da gurguwar gwiwa, na koma fadama, ina shinkafa ina ɗan rake. Da babana ya rasu a gindin ɗorawar nan na binne shi, kusa da ubansa. Zaman duwatsu ya ragu, sai in an yi rigimar iyaka ko ta aure, amma suna nan, kuma duk wanda ya wuce ta wurin ya san abin da suke nufi.

Sai sojoji suka koma bariki aka ce mulkin jama'a ya dawo. Muka yi layi a rana muka dangwala yatsa, muna murna. Ba a daɗe ba mai garin lokacin ya rasu, kujerarsa ta zama babu kowa, muna jiran a ce duwatsu su zauna, sai muka ji jiniya. Ciyaman na ƙaramar hukuma ne ya zo da wani mutum mai ƙiba cikin babbar riga, ya miƙa masa sanda a gaban masu ɗaukar hoto, ya ce ga mai garinku. Jikan wancan da muka kife wa dutse ne, a bariki aka haife shi. Yarenmu ma a karkace yake jinsa. Abin da ya sani game da mu ɗaya ne, wai tsofaffin garin nan sun wulaƙanta kakansa saboda wata fadama. Yadda aka yi wulaƙancin kuwa babu wanda ya gaya masa, domin ubansa bai taɓa iya buɗe baki ya faɗa ba.

Damina ba ta zagayo ba sai na tarar da turakun ƙarfe a fadamata, an shafa musu jan fenti, ɗaya ma a kan kabarin babana. Na je na sami mai gari yana zaune a kujera mai laushi, na tsaya, bai ce in zauna ba.

"Ranka ya daɗe, turaku na gani a gonata."

"Baba, ƙasa ta gwamnati ce, ni kuma idon gwamnati ne a nan. Shinkafa za a noma a wurin ta zamani."

"Ubana da kakana suna kwance a wurin."

Ya yi murmushi ya ce, "Na san ko kai ɗan wane ne. Ni ba kakana ba ne. Ni gwamnati ta naɗa ni, ba tsofaffi ba."

Na yi abin da babana ya yi, na tuge turakun na zuba a rafi. Aka turo 'yan sanda suka kai ni Zuru, aka sa na cire riga da hula na zauna a ƙasa a bayan kanta, ni da na yi wa ƙasar nan yaƙi, da furfurata, yaran da na isa in haifi iyayensu suna tsallake ƙafafuna. 'Ya'yana suka zo suka karɓe ni. Da na dawo an mayar da turaku, an ƙara da waya. Na zagaya wajen dattawan da suka rage na ce duwatsu su zauna. Maganar ta kai kunnensa kafin mu sa rana. Sai ga tifa da leburori da guduma, wai zai gina fada, yana bukatar tsakuwar harsashi. Ina tsaye aka sa wa dutsen gidanmu guduma. Bai fashe da wuri ba, sai da suka yi ta karɓa-karɓa. Ban yi kuka ba, ban yi zagi ba, na dai roƙi Allah a zuciyata kada ya ɗauki raina sai na ga mutumin nan a durƙushe.

Dutse ɗaya ya hana a fasa, na kakansa. Ya ce a kai shi ƙofar sabuwar fada a girke, duk wanda zai shiga ya gan shi ya san gidan sarauta ya dawo. Maginan baƙi ne, daga nesa ya ɗauko su. Suka duba dutsen, gefe ɗaya da kwarmi mai tara ruwa, gefe ɗaya shafal. Suka yi abin da kowane magini zai yi.

Ranar buɗe fada na ce ba ni zuwa, uwar 'ya'yana ta ce sai na je, kada a ce tsoro nake ji. Muna isowa ƙofa ta damƙe hannuna har farcenta ya shige ni.

"Tsoho, dubi ƙasa."

"Mi zan duba?"

"Dubi abin da yake takawa, kai dai."

Na duba. Ga mai gari tsaye da sandarsa yana gaisawa da baƙi, a kan dutsen kakansa, shafaffen gefen a sama. Ga ɓantaren da na yi masa da itacen ƙirya tun ina saurayi, yana kallona. A kife yake, an zagaye shi da siminti, an goge. Matar nan ta toshe baki da gefen mayafi, kafaɗunta na rawa don dariya. Ni kuwa sai na ji gwiwata ta daina ciwo.

Ban gaya masa ba, ban kuma bari wani ya gaya masa da wuri ba. Gida-gida na bi, ba wajen maza ba, wajen tsofaffin mata, waɗanda suna 'yan mata aka kife na farko. Kowacce abu ɗaya nake ce mata: "Inna, ba mu munka kife ba. Shi ya kife abinsa da kansa, ya sa siminti. Je ki gani." Suka je suka gani, suka dawo gidajensu. Samari da yawa dariya suka yi, suka ce wannan ai zancen da ne. Amma saurayi a tukunyar uwarsa yake ci, kuma uwar ta riga ta yanke.

Mai gari ya sa aka zagaya da lasifika ana kiran gayya a fadamata, ko garma ɗaya ba ta fito ba. Ya ɗauko 'yan ƙwadago daga wani gari suka shuka, da shinkafa ta yi kai babu wanda ya kora masa tsuntsu, suka cinye ta tas. Ranar Juma'a ana sallamewa sahu ya watse ta ɗaya ƙofar, ranar Lahadi masu fitowa daga coci su tsallaka hanya idan sun hango motarsa. Ya aurar da 'yarsa, aka jera kujerun haya, aka dafa abinci tukunya-tukunya, ya kwana ya yi tsami. Yarinyar ta ba ni tausayi, uban bai ba ni ba. Duk wannan ya daure, yana cewa hassada ce. Abin da ya karya shi zaɓe ne. Ciyaman ya zo taron neman ƙuri'a, ya tarar da rumfa da kujeru da mutanen gidan mai gari kaɗai. Ya tambayi dalili, wani ya ja shi gefe ya nuna masa abin da ke ƙofar fada. An ce bai ko sha ruwa ba ya shiga mota, ya bar wa mai gari magana ɗaya, ya gyara tsakaninsa da mutanensa ko a nemi wani.

Da la'asar ina gindin mangwaro ina ɓarar gyaɗa sai ga mai gari. Ya bar motar a nesa, ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa, wani ya koya masa ke nan. Ya yi sallama, na ci gaba da ɓara. Ya durƙusa da ƙyar, saboda teɓa.

"Baba, gonarka taka ce. Zan sa a cire turaku yau."

"Wa ya sa anka kafa su?"

"Ni ne."

"To kai ka cire su."

Muka tafi fadama, ni a gaba da sandata, shi a baya, mata na leƙowa ta kan danga. Na zauna a gindin ɗorawa ina kallo yana tuge su ɗaya bayan ɗaya, babbar rigarsa ta yi kaca-kaca da laka. Na kan kabarin babana ya fi ba shi wuya, ban ce a taya shi ba. Da ya gama ya zo yana haki ya ce, "To Baba, sai a tara dattawa a mayar da dutsen daidai."

"A tara su ina?"

"A gindin tsamiya, yadda ake yi."

"Mu zauna bisa mi? Ba a shawara tsaye. Dutsen ubana yana ƙarƙashin ɗakin kwananka, ya zama tsakuwa. Fiddo mani shi yadda yake, in zauna, sannan in ba ka amsa."

Ya ce zai kawo kujeru. Na ce kujera ta biki ce. Ya ce to zai sa a ɗauko sababbin duwatsu daga kan tudu, kowane gida da nasa. Na ce ya kyauta, sai a yi ta zama a kansu har su yi kwarmi.

"Baba, wannan ai sai jikoki."

"To ka jira jikoki."

Har yanzu sandar na hannunsa, albashinsa na zuwa, wancan ciyaman ya faɗi zaɓe, wanda ya gaje shi bai damu da wanda ake gaisarwa ba. Kullum safiya sai ya taka kifaffen dutsen nan kafin ya fita, ya taka shi kafin ya shiga. Ya taɓa sa a fasa simintin a juya shi, tsofaffin mata suka aika masa cewa ko ya juya a kife yake, tunda ba dattawa suka juya ba, sai ya bari. Uwar 'ya'yana takan ce in sassauta, gona ta dawo, me kuma nake nema. Nakan ce mata gona ta dawo, dutsen babana bai dawo ba.

Sababbin duwatsun ban jira shi ya kawo ba. Na sa 'ya'yana sun gangaro mini da ɗaya daga kan tudu, mun girke shi a gindin tsamiya wajen gabas. Kaushi gare shi, yana cin mazaunai, in na tashi sai an ba ni hannu. Duk yamma ina zuwa in zauna a kansa, yanzu wasu gidaje biyu ma sun kawo nasu. Na san ba zan ga kwarminsa ba, kuma ba don wannan mai garin nake goge shi ba, don wanda zai zo bayansa ne. Shi wannan, daga inda nake zaune ina hango ƙofar fadarsa, kuma babu ranar da ba na roƙon Allah ya ba shi lafiyar ƙafa, ya ja kwanansa.